Jiran Akwatin Zaɓen Kansila

Jama'a, ku ji rainin hankali!

Kun san a unguwarmu nan Azare, ba a yin kansila sai da yardata. Tun asuba na kwashi mutanena muka kafa layi, mu zaɓi mai gyara mana famfon burtsatse. Rana ta gasa ni kamar tsire! Har la'asar ba akwati, ba malaman zaɓe.

Kwatsam sai ga 'yan acaɓa suna ta hon, wai an faɗi wanda ya ci!

Na ce, "Da ƙuri'ar uban wa? Yatsana ko tawada bai gani ba!"

Buba mai shayi ya ce, "Alhaji, huce. Ai ka yi zaɓenka tun safe, kai ne dai ba a gaya wa ba."