Baƙin Labulen Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu na Kawu Sale a Garwa ya san yadda yake fara aiki. Sai ya wanke hannu, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, ya danna maɓalli ɗaya da ɗan ƙaramin yatsa. Nan take wata baƙar taga ta sauko daga saman allo, wadda a cikinta ake rubuta wa na'ura umarni. A jami'a taminal muke ce mata, shi kuwa labule. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma abin da na shaida da idona kaɗai zan faɗa.

Linzamin kwamfutar, wanda ake ja da hannu a yi nuni a allo, a aljihun tebur yake kulle shi. Na taɓa tambayarsa dalili.

Ya ce, "Mai baki ba ya nuni da yatsa, Malam Digiri."

Wata rana wani Alhaji mai fataucin banda daga Lagdo ya dangwala yatsa a kan allon. Kawu ya miƙa masa buta da sabulu, ya ce, "Alhaji, takardarka zan buga ko kifinka?" Alhajin ya wanke hannu yana gunaguni da Fulatanci, kuma tun daga ranar a bakin ƙofa yake tsayawa.

Sabunta manhaja kuwa, ko zancen ba ya so. "Abin da ke tafiya da ƙafarsa ba a kai shi asibiti," in ji shi. Mun sha yin dariyar wannan magana. Ita ya riƙa maimaita mana game da tarin da yake yi, har ranar da ƙafar ta gaza. Kwana huɗu ya yi a asibiti, ko biyar idan an lissafa da ranar da muka kai shi.

Bayan sadakar bakwai na karɓi shagon, kuma abin da na fara yi shi ne sabunta manhajar. Laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Na danna maɓallin, labule bai sauko ba.

A makon ne Goggo Asabe, wata tsohuwar abokiyar cinikinsa, ta zo daga Lagdo. Ambaliya ta cinye takardun gidanta, ranar Juma'a kuma za a rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawar 'yarta. Ofishin magajin gari ya ce ba zai ba da sabuwar takardar haihuwa ba sai da lambar tsohuwar, wadda Kawu ya taɓa ɗaukar hotonta. Na duba ajiyarsa, na tarar da hotuna birjik, kowanne da lambar takardar da ke cikinsa, babu mai suna. Abin da ke haɗa suna da lamba shi ya rubuta shi da kansa, kuma labulen ne kaɗai ke tayar da shi.

Ta ce, "Ɗana, marigayi baƙin abin nan yake saukewa, ya rubuta suna, takarda ta fito. Kai ba ka yi karatun ba ne?"

"Na yi, Goggo."

"To, shi bai yi ba."

Kwana biyu tana zuwa tana zama a kan benci. Ranar Alhamis bayan azahar na gano cewa sabuntawar ta cire manhajar labulen, amma ta bar saitinsa a wata ɓoyayyiyar ma'ajiya. Na sake ɗora ta, na yi bisimilla, na danna.

Labule ya sauko. A layin farko, inda ban taɓa kai ido ba saboda kafaɗarsa na tare wurin, an rubuta: "Ka wanke hannu, Malam Digiri? Na ce kada ka sabunta."

Na tashi na ɗauki butarsa, na wanke hannu da sabulu, sannan na rubuta sunan yarinyar. Lambar ta fito. Na kwafe ta a takarda, na karanta sau uku kafin na miƙa wa Goggo.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauke masa labulen rahama ya rufe kurakuransa. Amin.