Mai Karanta wa Nadim Hanya

Abu Laith maƙwabcina ne a garin Zarƙa, shagonsa na facin taya yana manne da nawa na aski. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zama gefen Nadim Sarraf, gwarzon tseren mota, yana karanta masa hanya daga littafi: kwana hagu, gangara, rage gudu. Direba ba ya ganin bayan tudu, sai abin da na gefensa ya faɗa. Ranar da motarsu ta faɗa kwari Nadim ya rasu, Abu Laith ya tsira da ɗingishi.

Azumin bana aka nuna wasan kwaikwayon rayuwar Nadim a talabijin, kashi talatin. A na ashirin da bakwai mai karatun ya tsallake shafi, mota ta wuntsila. Sun canza masa suna, amma sun bar ɗingishin. Wa za su raina wa hankali?

Direbobin tasi suka samu abin yi. "Abu Laith, hagu ko dama? A'a, bar shi, ina da 'ya'ya!" Ya daina zuwa shan gahawa, masallaci ma sai sahun ƙarshe. Ran sallah matar marigayin ta aiko masa da kayan zaƙin nan kunafa, wai ta yafe masa.

Nan raina ya ɓaci. Na same shi a shagonsa na ce, "Yafe me? Kai ma sanyinka ya yi yawa! Ba littafin yana wurinka ba? Kai shi gidan jarida."

Ya ci gaba da goga roba, can ya ce, "Ban tsallake komai ba, wanzami. Sau uku na ce ya rage. Bai ji ba. Wata shida kunnensa yana mutuwa, ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan gaya wa likitan tsere ba."

"To faɗi haka mana!"

"In ce wa matarsa me? Na san mijinki ba ya ji, na shiga na zauna ina masa karatu? Da na buɗe baki lokacin, da yanzu yana nan yana zagina." Ya ajiye tayar. "Ƙarya suka yi a kan shafi. Amma mutumin da suka nuna da laifin, ba su yi kuskurensa ba."