Akwatin Ƙarfen da Ya Dawo wa Baba da Rediyonsa

A gidanmu na Tudun Wada, idan aka ɗauke wuta kowa tsaki yake yi, ban da mutum ɗaya. Inna ta yi tsaki don ƙanƙarar da take sayarwa za ta narke, ni in yi don aikina na kwamfuta ya tsaya, matata ta yi don zafin Sakkwato ba ya raga wa kowa. Baba kuwa sai a ji daga ɗakinsa ya ce alhamdu lillahi, can kuma muryar mai karanta labarai ta cika tsakar gida. Ni na ɗauka halin tsofaffi ne, masu gode wa Allah a kan komai. Matata ce ta lura cewa wannan godiyar tana da dalili.

Baba tsohon malamin makaranta ne. Bayan ya yi ritaya idonsa ya riƙa tafiya a hankali, har ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. Littattafansa suna nan a jere, sai dai ya shafa su da hannu. Abin da ya rage masa shi ne wani baƙin rediyo mai rigar fata, wanda yake kama tashoshin nesa da shi a gajeren zango. Da yatsa yake gane inda kowace tasha take. In ya saurara da safe, da la'asar abokansa su taru a zaure ya warware musu duniya, a yi ta musu har a kira magariba. Ranar da bai saurara ba, shiru yake yi a cikinsu kamar baƙo.

Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Har gemuna ya fara furfura "yaron nan" nake. Bai taɓa taka ɗakina ba, in kuma yana da magana da ni, Inna zai faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin. Matata ma, a matsayinta na suruka, daga gaisuwa a durƙushe ba ta ƙara komai.

Sana'ata zanen katin biki da kalanda da allon talla, kuma ɗakin da nake aiki bango ɗaya ne tsakaninsa da na Baba. A shekarar nan na haɗa sabuwar kwamfuta da nake ji da ita. Akwatinta gefe guda gilashi ne, gabansa roba, ciki fitilu suna canza launi. Matata ta dube ta ta ce ta yi kama da motar ɗaukar amarya. Ita ilimin lantarki ta karanta, tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, kuma ba ta da ɗokin abu mai ƙyalli, abin da ya sa har yau nake mamakin yadda aka yi ta aure ni.

Wata Asabar da safe, akwai wuta, ta shigo da ƙaramin rediyonta na kicin, ta murɗa shi zuwa gajeren zango, ta tsaya jikin bangon Baba. Ba abin da ke fita sai wata ƙara kamar ana soya kifi. Ta ce in kashe kwamfutar. Ina kashewa murya ta fito tas. Na kunna, ƙarar ta dawo. Ta bayyana mini cewa kayan cikin kwamfuta suna watsa wani irin igiyar lantarki da ido ba ya gani, akwatin ƙarfe rufaffe yana tsare ta a ciki, amma gilashi da roba hanya suke ba ta, bangon bulo kuma bai isa ya tare ta ba. Muka ja teburin zuwa ɗaya gefen ɗakin, ƙarar ta ragu kaɗan amma ba ta tafi ba, kuma babu wani ɗakin da zan koma.

Na sami Inna a kan maganar. Ashe Baba ya daɗe da ganewa. Sau da yawa an kai rediyon wurin gyara ana cewa lafiyarsa ƙalau, shi kuwa ya lura da lokacin da ƙarar take farawa. Inna ta ce ta so ta gaya mini, ya hana ta.

"Cewa yay yi, abincin yaron na, a bash shi."

Maganar ta soke ni ƙwarai. Nan take na ce zan riƙa kashe kwamfutar duk lokacin labarai, ko da aiki zai kwana. Matata ta ce kul. Ta ce in Baba ya gane na tsayar da sana'ata dominsa, rediyon zai ajiye gaba ɗaya, don mutumin da ya yi shiru tsawon wannan lokaci ba zai karɓi irin wannan kyautar ba. Ta ce ba wanda zai bar komai, akwati kawai za a canza.

Muka ɗora kwamfutar a keke mai ƙafa uku muka nufi wani shagon kayan kwamfuta a wajen Gidan Igwai. A jakarta akwai rediyon kicin, da maganaɗisun wata tsohuwar lasifika, da ƙaramin sukuddireba. Mai shagon, wani dogo mai fara'a, ni ya fuskanta yana jero mini akwatuna masu walƙiya. Na nuna masa malamar, na ce yau ni ɗan dako ne.

Ban taɓa ganin ana zaɓen kaya kamar yadda ta yi ran nan ba. Kowane akwati sai ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, yadda Inna take yi wa tukunyar ƙasa a kasuwa. Ta danna gefensa da babban yatsa, in ya lotsa ta ture shi. Wani mai launin azurfa da ya burge ni, ta manna masa maganaɗisu a gaba ya faɗo, ta karce gefen da farce, ashe roba ce aka fesa wa fenti. Tana duba ramukan shan iska, ta ce ƙanana masu yawa irin na rariya take so, ba tagogi ba. Sannan ta cire murfi ta bi bakinsa da yatsa, tana neman inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe ba fenti a tsakani. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi gaggawa ba, ni kuwa zufa ta riga ta jiƙa mini riga.

Da aka gama da na kan kanta babu wanda ya yi mata, sai ta dubi ƙasa.

"Malam, don Allah tashi in ga wanga da kaka zamne bisa nai."

Mai shagon ya yi dariya ya tashi. Tsohon akwatin ofis ne, ruwan toka, mai nauyin tsiya, ya daɗe yana yi masa aikin kujera kuma ko lotsawa bai yi ba. Ta buɗe shi, ta nuna mini wasu ƙananan haƙoran ƙarfe a jere a bakin murfin, ta ce aikinsu su kama murfin ta ko'ina kada a bar kafa. Fuskarta ta yi haske kamar wadda ta haɗu da ƙawar makaranta. Ni dai muninsa kawai nake gani.

Abin ya shiga ran mai shagon, har ya bar wa maƙwabcinsa sauran masu saye. Ya kwashe kayan cikin kwamfutata ya mayar cikin tsohon akwatin. Ta sa aka canza tukunyar da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar da wata mai nauyi, wayar allon kwamfutar kuma da mai ƙulli a kowane kai, don ta ce akwati kaɗai ba zai yi ba in wayoyin suna yoyo. Ramukan baya da ba a amfani da su aka toshe da faranti. Aka kunna, ta riƙe rediyo tana ja da baya. Kusa da akwatin akwai 'yar ƙara, a bakin ƙofa kuwa da saura kaɗan. Ta dawo ta kwance noti ɗaya na murfin, ta kankare fentin wurin, ta ɗaure tam. Wannan karon a bakin ƙofa murya ce zalla. Mai shagon ya ce shi ma yau ya shiga aji. Da muka koma gida ba ta huta ba sai da ta tabbatar wayar ƙasa ta soket ɗin ɗakina tana haɗe.

Ba mu gaya wa Baba komai ba, domin ba mu da bakin faɗa. Inna ce kawai da safe ta ce masa ya gwada rediyonsa. Ina zaune ina zana katin wani biki, sai na ji mai labarai ta bayan bango, muryarsa garau. Na dubi matata, ta ɗora yatsa a leɓe.

Ba a jima ba aka kashe rediyon. Na ji Baba yana kiran Inna, muryarsa babu daɗi.

"Yaron ga ba shi aiki yau? Wa yac ce mishi shi kashe abin nai?"

Inna ta ce tun da gari ya waye yake aiki. Bai yarda ba. Ta rantse, bai yarda ba. Sai na ji takun sandarsa a tsakar gida, yana matsowa, har ya tsaya a ƙofar da bai taɓa shiga ba. Matata ta ja mayafi ta koma bayan ƙyaure. Na sauka daga kujera na durƙusa. Inna ta kama hannunsa ta shigo da shi, ta ɗora hannun a kan akwatin.

Ya daɗe a haka, yana jin ɗumin ƙarfen da motsin fankar da ke ciki. Sannan ya koma bakin ƙofa ya kunna rediyon da ke rataye a kafaɗarsa, mai labarai ya ci gaba daga inda yake. Inna ta gaya masa wadda ta yi aikin. Baba ya juya fuskarsa wajen ƙyauren, don ya san inda take.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ni bai ce mini komai ba, kuma ban sa rai ba. Amma da zai juya, hannunsa ya sauka a kaina, ya ɗan tsaya. Sannan ya ƙara muryar rediyon ya nufi zaure, ni kuma na zauna ina duban katin bikin, ban iya ganin rubutun ba.