Rigar Majalisar Kakana

Ranar Litinin, ɗaya ga Oktoban 1979, da soja suka miƙa wa farar hula mulki, kakana Malam Inuwa ya tashe ni tun da sassafe in raka shi Ƙofar Mata karɓo rigarsa daga wajen marina. Sun sake tsoma ta a baba, an buge ta har tana ƙyalli. Ni na ɗauko ta a ka har gidanmu a Soron Ɗinki, shuni duk ya ɓata min ɗankwali.

Malam tafinta ne a Majalisar Sarakuna ta Kaduna, wato majalisar sama ta Jihar Arewa, kafin soja su rushe ta. Shekara goma sha uku rigar aikinsa na kwance a adaka. A lissafinsa, tunda farar hula sun dawo, majalisarsa ma ta dawo, takardar kira kawai yake jira. Kafin ta zo, mu jikokinsa ne majalisar. Kullum bayan la'asar, in mun gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, sai ya jera mu a soro, wannan wakilin Kabara, waccan ta Ƙofar Mata, ni ta Soron Ɗinki. Mu yi ta muhawara kan ƙanƙancewar ƙosai, shi yana juya ta da Turanci.

Ni kuwa ina aji shida, ga rawar kai. Malaminmu na makaranta ya gaya mana sabon tsarin mulki majalisa ɗaya tak ya ba kowace jiha. Mutanen gida duk sun sani, sun yi shiru. A ranar, muna shiga soro da rigar na saki baki: "Malam, ai an soke majalisarku, ba za ta dawo ba."

Ya daɗe yana shafa wuyan rigar. "Amarya, a makaranta aka faɗa?" Na ce e. Ya shige ɗaki, ko abincin rana bai taɓa ba. Na ɓuya bayan randa na yi ta kuka.

La'asar na yi sai ga shi cikin rigar, har da rawani. Ya zauna, ya buga sanda a ƙasa. "Majalisa ta zauna. Wakiliyar Soron Ɗinki ta fara, tunda ita kaɗai ke gaya min gaskiya."

Yau soron ya zama shagon cajin waya, wakilan kowa ya kama gabansa. Rigar tana wajena, har yanzu tana shafa wa hannu shuni. Ban taɓa samun zuciyar wanke ta ba.