Bulon Siminti a Tanderun Zainabu

Har yau ban manta ranar da aka fara hura wuta a tanderun Zainabu ba. Ku masu koyon gini, ku saurara.

Lokacin na dawo Dakoro daga wani shantiye, wato wurin aikin gini, a Maraɗi, inda na kai matsayin shef, magina huɗu a ƙarƙashina. Kaina ya kumbura. Duk abin da ba siminti ba, ƙauyanci ne a idona.

Zainabu matar ƙanena ce. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da tumaki biyu. Tumakin ta sayar don in gina mata tanderu a bayan ɗaki, ta riƙa gasa burodi tana kai wa kasuwa.

Uwarta, Inna Ladi, mai ginin tukwane ce daga Kornaka. Da ta ga ina sauke bulon siminti daga amalanke, sai ta ƙwanƙwasa ɗaya da sandarta.

"Isa, wanga fa?"

"Na tanderu ne, Inna. Na zamani."

"Wuta ba ta shiri da shi, ɗana."

"Inna, bene na gina a Maraɗi."

"To, cikin benen wuta ake hurawa?"

Matan gida suka kwashe da dariya. Na ji haushi, na gama ginin cikin kwana uku.

Ranar Alhamis Zainabu ta kwaɓa garin alkama don kasuwar Juma'a. Muka cika tanderu da itace, ya yi ja, muka kwashe garwashi muka jera burodi. Can sai muka ji ƙara, tas! Rufin ya tsage, ɓarɓashin siminti ya zubo kan burodin. Zainabu ta fito da burodin. Ta zauna tana tsince tsakuwa daga burodi ɗaya bayan ɗaya. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da safe na je na durƙusa gaban Inna Ladi.

"Inna, makaranta na zo."

"Lale da shef. Ɗauko jaki, mu tafi tabki."

Ita ta nuna mini yumɓu. A murza shi a tafin hannu, a naɗe a yatsa. In bai tsage ba, ya yi. Muka cuɗa shi da kashin jaki da ƙaiƙayin gero, ya kwana uku kafin a buga tubali. Ƙarƙashin daɓen muka shimfiɗa yashi da fasassun kwalabe da gishiri, don su riƙe zafi. Bulon da ya tsira muka sa shi a gindi, inda wuta ba ta kaiwa. Kwana biyar ana hura 'yar wuta kaɗan-kaɗan har ginin ya bushe. Gishiri kawai na saya, sai garin da na mayar wa Zainabu.

Inna Ladi ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, amma tanderun na nan yana aiki. Duk Juma'a burodina biyu na iso ni da zafinsu.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zaɓi tubali, tambayi wanda ya daɗe yana aiki da wuta, ko da bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Kuma kada ka gwada iyawarka da tumakin marayu.

Yanzu garken Zainabu ya dawo har ya ƙaru. Akwai wani rago mai taurin kai a ciki, ba ya jin kira. Shef take ce masa.