Kwalbar da Mahaifiyata Ta Juye a Turaren Amarya

Shekarun baya, tun kafin furfura ta fara leƙo mini a gemu, mahaifiyata ta taɓa juye kusan kwalba guda ta wuskin Ingila a cikin turaren wuta. Ku dakata da salati tukuna, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

A unguwar Bulabulin da ke Maiduguri na tashi, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Ɗansa ne babban abokina. Muna firamare uwarsa ta rasu, daga nan kwanonsa ya dawo gidanmu, kuma duk dukan da na sha a hannun mahaifiyata shi ma ya sha irinsa ba ragi. Yana jami'a ubansa ya rasu. Allah ya buɗe masa hanya ya tafi Ingila ƙarin karatu, daga baya ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yin wuski. Mahaifiyata kuwa ce mata muka yi a kamfanin sha'ir yake aiki. Ba ƙarya muka yi ba, da sha'ir ɗin ake yi, sauran bayanin ne muka haɗiye.

Akwai yarinyar da yake so tun muna sakandare, 'yar wani dattijon Ibo mai shagon atamfa a kasuwa, gidansu a unguwar Galtimari. Dattijon nan ya daɗe yana ja masa rai. Hujjarsa ita ce yaro ba uwa ba uba, yana can bayan teku, idan wani abu ya samu 'yarsa wa zai riƙe? Da ƙyar aka shawo kansa ya ce to, yaron ya zo da mutanensa a ga juna. A al'adarsu ba a zuwa irin wannan zaman hannu biyu, sai da goro da abin sha da za a ajiye gaban uban yarinya. Mutanen abokina kuwa kawu ɗaya ne tak da zai taso daga kudu. Saboda haka duk ƙarfinsa ya ɗora a kan kwalbar da zai kawo.

Ya sha ba ni labarin kwalbar a waya har na gaji. Wai su ba sa zuba abin a sabuwar ganga. Tsofaffin gangunan katako suke sayowa daga Amurka, waɗanda aka riga aka tsuma wata giyar masara a ciki, burbon suke ce mata. A cikinsu abin yake kwanciya shekara da shekaru, katakon yana ba shi launi da ƙamshi. Gangar da aka ɗebo tasa kwalbar kuwa, da hannunsa ya cika ta a shekarar da ya fara aiki. Nufinsa ya ajiye ta gaban dattijon ya ce, ga haƙurina, ga gumina. Ni dai “to” kawai nake ce masa, don ban ga abin zumuɗi a ruwan da ba zan iya ko ɗanɗanawa ba.

Mahaifiyata sana'arta haɗa humra da turaren wuta, kuma a unguwarmu amaryar da ba ta bi ta hannunta ba sai a riƙa yi mata kallon tausayi. Yarinyar nan, duk da Ibo ce, haifaffiyar Maiduguri ce, ta ce ita ma ba za ta je Ingila ba ƙamshi ba. Sai abokina ya sayo turaruka masu tsada daga can don a haɗa mata da su.

Ranar da ya sauka ni na ɗauko shi. Da na kai shi masauki, a gajiye ya nuna mini wata baƙar jaka ya ce, “Turarukan Ya suna ciki, ka kai mata ta fara aiki.” Ya muke kiran mahaifiyata, shi ma haka yake kiranta. Na saɓi jakar na kai gida na dire. Ni da nake koyar da Turanci a makaranta, ko zif ɗin ban zuge ba.

Sai da safiyar ranar zaman ya kira ni, muryarsa ba daɗi. Ya zazzage kayansa kaf bai ga kwalbar ba. Ya ce in duba baƙar jakar nan, yana jin a nan ya cusa ta tsakanin kwalayen turare don kada ta fashe.

Na shiga ɗakin mahaifiyata na same ta cikin fara'a, tana jera kwalaben turaren wuta a kan tabarma.

Na ce, “Ya, a jakar nan ba ki ga wani dogon kwali ba?”

Ta ce, “Babban turaren? Ai shi ne ya fi duka kyau. Yaron nan ya san kaya. Ƙamshin itace ne da zuma a ciki, sai ɗan kaifi irin na turaren Turawa. Shi na jiƙa sandal da hawi da shi, har na rage kaɗan zan sa a humra.”

Ta miƙa hannu bayan akwati ta ɗauko kwalbar. Abin da ya saura a gindinta bai fi a cika ƙaramin kofin shayi ba. Na zauna a ƙasa ba tare da an ce in zauna ba.

Ina nan zaune abokina ya shigo, don ya kasa jira. Ya kalli kwalbar, ya kalli mahaifiyata, ya kalle ni. Wallahi na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Shi ne ya yi ƙarfin halin faɗa mata ko mene ne, a hankali, kansa a sunkuye kamar shi ya yi ɓarnar.

Mahaifiyata ta yi salati ta ajiye kwalbar, ta riƙe hannayenta nesa da jikinta kamar ba nata ba. Ta fita tsakar gida ta wanke su da sabulu, ta sake da toka, ta dawo ta tsaya a kanmu.

“Wannan shi ne kamfanin sha'ir ɗin?”

Ni da abokina muka kalli juna.

“Ku biyun nan tun kuna yara bakinku ɗaya. Za mu yi wannan maganar, amma ba yau ba.” Ta juya wajen abokina. “Babu irinta a garin nan?”

Ya ce babu, ko a Legas babu. Ya ba ta labarin gangar, yadda ake neman wadda ta riga ta sha wani abin, yadda ake rufewa a manta da ita shekaru. Na ga fuskarta ta ɗan saki duk da fushin. Ta ce, “Ashe su ma tsumawa suke yi. Shi ya sa hancina ya ci amanata.” Ita ma ba ta taɓa haɗa humra a sabuwar kwalba.

Ni shawarar da na kawo ita ce a cika kwalbar da ruwan shayi, tunda launin ɗaya ne. Kallon da suka yi mini su biyun ya sa na janye maganar.

Mahaifiyata ta ce, “Ni na zubar, ni zan je in faɗa. Tashi ka samo mana keke napep.”

Abokina ya ce, “Ya, zaman maza ne, kuma za a sha abin da ba kya so.”

Ta ce, “Ban ce zan sha ba. Cewa na yi zan je.”

Ta yafa lafayarta mafi kyau, ta sa aka sayo goro fari manya, ta ce in ɗauki kwalaben turaren duka da kasko, don ba za su ƙara kwana a ɗakinta ba. Haka muka nufi Galtimari da la'asar, kawun abokina a keken gaba yana ta gumi, bai san da wane baki zai fara ba.

Falon dattijon cike yake da 'yan'uwansa, kowa da jar hula. Aka gaisa, aka fasa goro, sai aka zo wajen ajiye abin sha. Abokina ya fito da kwalbar ya ajiye a tebur. Kowa ya zuba wa kwalbar ido. Wani daga gefe ya yi magana da yarensu, ban ji me ya ce ba, amma na ga abokina ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Yaro, a hanya ka sha, ko haka ake sayar da shi a Ingila?”

Kafin abokina ya buɗe baki mahaifiyata ta gyara zama ta ce, “Mai gida, ba shi ba ne, ni ce.” Ta kwashe labarin duka ta faɗa, ba ta rage komai ba, har da kamfanin sha'ir. Ta ce yaron ya kawo abinsa cike, ya yi shekaru yana jiransa, tsohuwa ce da ba ta karanta Turanci ta mai da shi turare. Sannan ta ce, “In laifi ne, nawa ne. Yaron nan a hannuna ya girma. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba sai wannan ta sha'ir, ita ma ɗana ne ya koya masa.”

Ni dai na kau da kai gefe, don ba wurin kare kai ba ne.

Sai dattijon ya ce a kawo garwashi. Aka zuba a kaskon, mahaifiyata ta ce ni in barbaɗa, ita ta gama taɓa shi. Hayaƙi ya tashi. Jama'a, ban taɓa jin turare irin wannan ba, kuma a gidan turare aka haife ni. Matan gidan suka fara leƙowa daga ƙofar kicin. Sai kafaɗun dattijon suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye, ɗakin duka ya ɗauka.

Da ya natsu ya share ido ya ce, “Hajiya, shekara nawa ina cewa yaron nan ba shi da kowa. In 'yata ta yi kuka, ƙofar wa zan buga?”

Ta ce, “Tawa. Bulabulin, kowa ya san gidan mai turare. In ya ɓata mata, kafin ka iso na riga ka.”

Ya ce, “To magana ta ƙare. Abin da ya rage a kwalbar ya isa addu'armu ta gargajiya.”

Mahaifiyata ta tashi ta koma baranda wajen matan, ni ma na bi ta, muka bar su suka yi al'adarsu. Daga can muka ji tafi. Da abokina ya fito ya durƙusa gabanta, sai hawaye. Ta dafa kansa ta ce, “Tadanyi,” wato ɗana da Kanuri, “tashi, kada surukanka su ga kana kuka su rage maka daraja.”

Faɗan sha'ir kuwa mun sha shi, sati guda ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Shi ma ta yi masa nasiha a kan aikin nasa ba ɓoye-ɓoye, ya saurara kansa a ƙasa. Tukunyar da ta yi haɗin a ciki ta koma ta shuka na'ana'a.

Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, amma akwai wurin da dariyar take yanke mini. Abokina ya yi shekaru yana tanadin abin da zai nuna don a yarda shi mutum ne mai asali, bai taɓa tunanin ya ce da matar da ta raine shi ta raka shi ba. Ni ma ban yi tunanin ba. Mun ɗauka addini da yare sun sa wannan zaman ba nata ba ne, ita kuwa ashe jira take a gaya mata.

Ranar walimar bikin an ajiye kujeru biyu a gaba na iyayen ango. Kawunsa ya zauna a ɗaya. Mai magana da lasifika ya ce uwar ango ta fito, abokina ya taso daga kusa da amaryarsa, ya ratsa cikin jama'a har inda muke, ya kamo hannun mahaifiyata.