Damin Iri Goma Sha Ɗaya

Gidaje ashirin da shida ne a ƙauyenmu, can bayan Makoda, kafin shekarun fari. Da damina ta biyu ta wuce ba a cika ko rumbu ɗaya ba, goma sha ɗaya suka tashi, wasu Kano, wasu kudu. Kowane maigida kafin ya tafi sai ya ɗaure zangarniyar geron da ya zaɓa don iri, ya kawo wa kakata, Inna Delu. Haka ake yi a wurinmu. Mai barin gari ba ya tafiya da iri, yana barinsa hannun tsohuwar da aka yarda da ita, alamar zai dawo. Inna ta rataye dammunan a rufin ɗakin girkinta, inda hayaƙi ke korar ƙwari.

A ƙarƙashinsu muke zama bayan magariba, ni da ƙanwata Talatu da 'ya'yan maƙwabta, muna jiran ganyen tafasa da dusa su nuna. Wutar kara ce, ba ta daɗewa. Idanunmu kullum suna sama, Inna kuwa tana lura.

"Maigida, sauko da idonka," take ce mini, cikin wasan kaka da jika. "Ga wata tatsuniya nan ta iso, ku matsa mata ta zauna."

Tatsuniya ɗaya ta fi maimaitawa a shekarar. Wai wani manomi ne yunwa ta kora, ya ba kurciya ajiyar ƙwayar gero guda ɗaya tak. Kurciya ta rasa inda za ta ɓoye ta, sai ta riƙe a baki. Rani ya yi tsawo, ba ta ci, ba ta kuka, don in ta buɗe baki ƙwayar za ta faɗi. Tsuntsaye suka yi ta yi mata dariya. Da ruwa ya sauka manomin ya dawo, ta ajiye masa ƙwayarsa a tafin hannu. Ya shuka, gari ya sake cika da mutane. Shi ya sa, in ji Inna, har yau kurciya ke kiwo a masussuka ba ta jin kunyar kowa.

Wani maraice Talatu, wadda lokacin wuyanta ya zama kamar sillen kara, ta tambaya: "Inna, ita kurciyar ba ta da 'ya'ya ne?"

Inna ta daɗe tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Ta ce tatsuniya ba ta faɗa ba.

A ranar mahaifiyata ta durƙusa ta roƙe ta dami ɗaya, na Malam Sule, wanda kowa ya ji labarin ya samu aikin gadi a birni. Ta ce kunu kawai za ta riƙa dama wa yarinyar, in an yi girbi a mayar da biyu.

"Idan na kwance ɗaya, gobe gidan Audu maƙwabcinmu ma za su zo, su ma da mai ciwo," in ji Inna. "Ranar da rufin nan ya zama wayam, babu sauran wanda zai dawo. Ki yi haƙuri, 'yar nan."

Talatu ba ta ga damina ba. Aka ce ciwon ciki ne. Inna da kanta ta yi mata wanka, daga ranar kuma ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Yau shekarata talatin ina harkar hatsi a kasuwar Ɗambatta, kuma da ido nake auna dami. Kowane ɗaya a rufin nan ba zai rasa tiya uku ba, wato kwanon awo uku. Na kuma san abin da Inna ma ta sani, cewa irin gero ba ya jiran mutum shekara da shekaru. Ba na ɓoyewa, sunanta ne ya kafa ni. Manoma sun fara ajiye buhunansu a wurina ne don an ce jikan Delu ne, gidansu ba a taɓa ajiya.

Cikin goma sha ɗayan nan, biyu suka dawo suka karɓi irinsu, suka yi godiya. Malam Sule ba ya cikinsu. Sauran dammuna taran suka yi baƙi da hayaƙi, ƙwari suka ƙarasa su, muka share garin geron muka zuba wa kaji. Gidaje goma sha bakwai suka rage, ni na samu suna da rumfa a kasuwa. Talatu shekararta biyar, kuma tiya uku take buƙata.